Jan Zare a Bakin Saƙo

Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne, kuma bai taɓa sayen buhu bai soka masa ƙarfe ba. Ko ƙaninsa ne ya kawo masara, sai ya soka ta sama, ya soka ta gindi, ya murza abin da ya fito a tafin hannu ya shinshina. Ban gaji gona a wajensa ba, ban gaji rumbu ba, wannan halin na gada. Na tafi da shi Alƙahira karatu, ya yi mini rana a wajen dillalan gidaje da direbobin tasi, har abokan zamana a unguwar Hay el-Sabi' suka riƙa cewa ko sallama aka yi mini sai na juya ta na duba bayanta. Ban damu ba. A lokacin gani nake wayo ne.

A shekarar da aka matsa mana da ɗauke wuta, wato 2014, ina digiri na biyu a kan tsofaffin littattafan ajami, sai aka gayyace ni wani taro na kwana huɗu a Oslo, babban birnin Norway. Sau uku ina zuwa ofishin jakadancinsu a unguwar Zamalek da takardu a leda kafin a ba ni biza ta kwana goma. Ranar da fasfo ya dawo hannuna na tsaya a gindin wata bishiya ina kankare gefen tambarin da farce, ko zai ɓare. Mutum biyu kawai na gaya wa. Kafin la'asar ta kashegari labari ya kai har unguwar Ainu Shams.

A Ainu Shams akwai wata tsohuwa da duk ɗaliban Arewa suka sani. Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun taso daga ƙasar Katsina a ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Habboba muke ce mata, wato kaka a bakin mutanen Sudan. A wajenta muke sayen kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, kuma ba ta ba ka kayanka sai ta gyara maka Hausarka. Tana da ɗa guda da aka kwashe shi da matarsa zuwa Norway cikin 'yan gudun hijira shekara shida kafin nan, ita kuwa takardunta suka maƙale. Abin da take faɗa ke nan. Ni dai ban taɓa ganin ɗan ba, ban kuma taɓa ganin wanda ya gan shi ba.

Ta aiko a kira ni. Na hau metro na je na same ta a ɗakinta na ƙasan bene, zaune a bakin tagar da ke kallon lungu. Na yi sallama ta amsa ba ta ɗago ba, sai da na durƙusa na gaishe ta sannan ta ce, "A'a, mutumin Zariya ne. An ce za ka Nurwij."

Na ce, "Wa ya ce, Habboba?"

"Gari ya ce. Zauna, ya waladi, ɗan nan, nan ba kotu ba ce. Saƙo zan ba ka ka kai wa yayanka, ɗan nan nawa."

Na ce mata ni babban birni kawai za ni, kwana huɗu in juyo. Ta tambaye ni kwana nawa aka ba ni a fasfo. Na ce goma.

Ta ce, "To shidan da suka rage na wane ne? Wanda ya je Oslo ya dawo bai je Nurwij ba. Kamar mutum ne ya sauka a tashar Ramsis, ya sha shayi, ya koma gida ya ce ya ga Masar. Ciro biro ka rubuta, tunda ku ba kwa riƙe magana sai a takarda."

Na ciro biro. Ba don ladabi ba, don in kama ta da ƙarya in na je.

Ta fara kamar mai karanta allo. "Tikitin jirgin ƙasa tun daga nan za ka saya a kwamfutarka, in ka bari sai ranar tafiya za su yanke ka. Jirgin safe za ka hau zuwa Trondheim, kusan awa bakwai ne. Ka zauna ta taga, kada ka yi barci, in kun hau tsauni za ka ga ƙanƙara a kan duwatsu ko da rani ne. Ka yi guzuri, burodi da dafaffen ƙwai da dabino, don abincinsu tsada gare shi. Ruwa kuwa kada ka saya, na famfonsu ya fi na gorarmu. Ka ɗauki rigar sanyi, ka ɗauki ta ruwa. Kada rana ta ruɗe ka, garinsu yana sake hali sau huɗu kafin azahar."

Ta kurɓi shayi ta ci gaba. "In an ce tashi ƙarfe uku da minti bakwai, to da minti bakwan ne. Babu ma'alish a yi haƙuri, babu tsaya mini ya usta direba. In ka shiga ka ga kujera babu kowa, can za ka zauna, kada ka je ka manne wa mutum kamar a mikrobas, 'yar bas ɗinmu ta nan. Ba za su gaishe ka ba. Ba ƙi ba ne, haka Allah ya yi su. Amma ka tambaye su hanya ka gani, sai su raka ka har ƙofa. Lahadi kantuna a rufe suke, ka yi sayayyarka Asabar. Salla da agogo za ka yi, don a wannan watan duhu ba ya zuwa, in ka zauna jiransa isha'i za ta wuce ka kana kallon sama. Nama da madara ba a shiga musu da su, kada wani ya ba ka kilishi ka karɓa. Daga Trondheim sai jirgin ruwa mai gudu zuwa tsibirin da yayanka yake zaune, ka zauna a tsakiya, kada ka ci abu mai maiƙo. In ka sauka ka bi titin da ya hau tudu, ka wuce kanti, ka wuce farin coci, gida na uku mai ruwan ɗorawa, hawa na sama. Ka tuɓe takalmi a bakin ƙofa, nan kam kamar mu suke."

Na ajiye biro na ce, "Habboba, yaushe kika je?"

Ta ce, "Duk Juma'a. In ya bugo waya sai na sa ya kai ni, daga filin jirgi har ƙofar gida. Ran da takarduna suka fito ba na so in ɓata a hanya."

Yau in na tuna wannan amsar sai tausayinta ya kama ni. A ranar kuwa abin da na ce a raina shi ne, an haddace wa tsohuwa hanya don ta haddace wa ɗan aike.

Na ce to ina saƙon. Ta ce bai kammala ba, in dawo bayan kwana uku. Na ce ga kwamfutata a jaka, bari in haɗa ta da ɗan nata su ga juna ta hoto, ni ma in gan shi. Ta ɗaga hannu da sauri ta ce ita ba ta magana da mutum a cikin gilashi, khalas, magana ta ƙare, kada in sake kawo zancen. Na ce a ba ni lambarsa. Ta miƙo mini 'yar wayarta ta ce in duba da kaina. Na buga a gabanta, wani mutum ya ɗauka, ya yi mini godiya da Hausa mai gardin Larabcin Sudan, ya ce suna jirana. Na kashe ina cewa a raina murya ba shaida ba ce, masu safarar ƙwaya ma suna da murya.

Wanda bai zauna a cikinmu ba zai ce me ya hana ni cewa a'a. Ba a yi. A wajenmu matafiyi jakin jama'a ne, ka ce za ka wuri kaza, sai saƙo ya fito ta ko'ina, kuma ba a mayar wa tsohuwa saƙonta. Ba a kuma buɗe shi. Amana ce, yadda aka ba ka haka za ka miƙa. Sai dai a shekarun nan babu ɗakin ɗalibai da ba a ba da labarin wani da ya ɗauki saƙo don Allah, aka farke a filin jirgi aka ga ƙwayoyi, yana can a ɗaure. Babu wanda ya san sunansa ko garinsu, amma kowa ya san wanda ya san shi. Ni kuwa biza ɗaya gare ni, da suna ɗaya, da uwa a Zariya da ke ƙirga watannin dawowata.

Bayan kwana uku na koma. Saƙon farar rigar filo ce, an cika ta rabi, an naɗe bakin an ɗinke da jan zare. Ko ni da ban san ɗinki ba sai da na tsaya na kalla. Jeri biyu ne, a miƙe kamar an ja da rula, kowane taki daidai da ɗan'uwansa, duk bayan faɗin yatsa akwai ɗan ƙulli. Ta ɗora mini a cinya da hannu biyu.

Ta ce, "In hukuma ta ce a buɗe, babu yadda za ka yi. In ba su ce ba, haka nake so ya isa hannunsa. Ka ji ko? Haka."

Na ce na ji. Na tambaye ta me ke ciki, ta ce kayan miya ne da tarkacen tsofaffi. A metro na rungume shi ina latsawa da yatsa ta kowane gefe. Akwai abu mai laushi, akwai mai tauri, akwai wani mai motsi kamar gari. Kayan miya ne za a kwana uku ana haɗawa? Kayan miya ne za a ɗinke jeri biyu, a kuma ja mini kunne sau biyu? Na ce lalle da walakin, goro a miya.

Kwana biyu saƙon yana saman durowata ina kallonsa. Ana gobe zan tashi, bayan azahar, abokin ɗakina ya fita darasi, wuta a ɗauke, fanka a tsaye. Na kulle ƙofa na ɗauko reza. Na san zato zunubi ne, na karanta shi a littafi, na ma karantar. Na ce wa kaina rigakafi ya fi magani, na bi jan zaren nan na yanke shi ƙulli bayan ƙulli.

Garin kuɓewa, wanda suke ce wa waika. Kuka. Daddawa a naɗe cikin leda uku. Turaren wuta. 'Yar kwalbar humra. Safa guda biyu ta saƙa, ƙanana, na jinjiri. Sai wani ƙullin leda mai farin gari a can ƙasa. Gabana ya faɗi, amma ba zan ɓoye ba, har da ɗan daɗi na ji, irin daɗin wanda zatonsa ya tabbata. Na huda ledar na dangwala na kai harshe. Kanwa ce. Na zauna a tsakar ɗaki da ɗacin kanwa a baki, kayan miyar tsohuwa a baje a gabana.

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma mai wayo ba ya barin sawu. Na sa guntun zaren a aljihu na sauka titi, na shiga kanti uku kafin na sami ja irinsa sak. Na dawo na mayar da komai yadda yake, na naɗe bakin, na zauna ɗinki. Ni da maɓalli kaɗai na taɓa ɗinkawa. Na yi jeri biyu, na yi ƙulle-ƙullen, na soke yatsa sau ba adadi. Da na gama na ɗaga na duba, layin ya tafi kamar sawun maye, wani takin dogo wani gajere. Na ce ai zare ja ne, jeri biyu ne, wa zai tsaya duba bakin buhu alhali ga kaya a ciki.

A filin jirgin Oslo babu wanda ya ko kalli jakata. Na yi tarona, na karanta takardata, aka tafa. Rana ta biyar na hau jirgin safe da takardar Habboba a aljihu da biro a hannu, ina jiran inda za ta faɗi.

Ba ta faɗi ba. Jirgi ya tashi a kan mintin da aka rubuta, har wani mutum ya iso da gudu ƙofa ta rufe a gabansa, babu wanda ya ce a tsaya. Na leƙa wurin sayar da abinci na ga farashi, na dawo na ɓare ƙwaina cikin natsuwa. Muka bar gari muka shiga daji, tafki bayan tafki, gidajen katako jajaye a warwatse, kowane shi kaɗai kamar an yi faɗa. Muka hau tsauni, itatuwa suka ƙare, ga ƙanƙara fara fat a kan duwatsu a tsakiyar watan Yuni. Matar da ke kujerar gefe ta yi awa biyar tana saƙa ba ta ce mini uffan ba. Da muka kusa sauka na nuna mata sunan tashar jirgin ruwa, sai ta naɗe saƙarta, ta taka da ni har bakin ruwa, ta nuna mini inda ake jira, ta juya ta tafi kafin in gama godiya. Rana ce tas da muka sauka. Kafin jirgin ruwa ya zo an yi yayyafi, an yi iska, rana ta sake fitowa.

In wani zai je ƙasar nan ya nemi shawarata, ba ni da abin da zan ƙara a kan takardar tsohuwar. Babban birninsu birni ne kamar kowane, da baƙi da hayaniya daidai gwargwado. Ƙasar tana can bayan awa uku a jirgi, inda za ka ga gida ɗaya a gindin dutse ka rasa me mai shi yake ci, da wa yake hira. Ni dai duk abin da ya tabbata a takardar sai in ji kamar an ƙara mini dutse a jaka. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Na zauna a tsakiyar jirgin ruwa kamar yadda aka ce. Na sauka, na bi titin da ya hau tudu, na wuce kanti, na wuce farin coci. Gida na uku ruwan ɗorawa ne.

Ɗan Habboba dogo ne, ya kai shekara arba'in, a kamfanin gyaran kifi yake aiki, hannuwansa duk sun tsage saboda ruwan sanyi. Ya rungume ni a bakin ƙofa kamar ya san ni. Na tuɓe takalmi. Matarsa ta kawo gahawa mai citta, da jaririya a kafaɗa. Bayan gaisuwa na buɗe jaka na miƙa masa saƙon da hannu biyu, ina so a yi a gama.

Bai nemi almakashi ba. Ya tashi da saƙon ya je bakin taga, ya juya bakin ɗinkin wajen haske, ya bi shi da babban yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Ya sake bi. Matarsa ta matsa ta leƙa, sai ta rufe baki da gefen mayafi.

Ya ce, bai juyo ba, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun yaushe me, yaya?"

"Idonta. Malam, ka dubi Allah ka gaya mini. Tun yaushe?"

Na yi shiru, shi kuwa ya ɗauka shirun amsa ce. Ya zauna a hannun kujera da saƙon a ƙirji. Ya ce uwarsa ba ta rubutu, kuma a waya ko ana ɗauke da ita zuwa kabari lafiya lau za ta ce. Duk mutanenmu haka suke, ba a gaya wa na nesa ciwo. Shi ya sa ba ya yarda da bakinta, ɗinkinta yake karantawa. Ubanta maɗinkin riguna ne, tun tana yarinya take riƙe allura, kuma duk saƙon da ta aiko a shekara shidan nan, in an dace da matafiyi, bakin yake fara dubawa. In layi ya miƙe, ya san ido lafiya, hannu lafiya. Ya ce tun bara yake zargi, da ta ƙi yarda su ga juna ta hoto.

Ya ɗaga saƙon ya ce, "Wannan ɗinkin wanda ba ya gani ne." Sai hawaye. Ya ce gobe zai je ya ajiye aiki, ko takardunsa za su lalace sai ya je wajenta.

Ina da hanyar tsira, in ci gaba da shiru kawai. Ba wanda zai taɓa sani. Zan so in ce tsoron Allah ne ya buɗe bakina, amma gaskiya kukan babban mutum ne ban iya jurewa ba.

Na ce, "Yaya, ba ɗinkinta ba ne. Nawa ne."

Na faɗa masa komai, reza, da kanwa, da kanti uku. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har tafin ƙafata sai da ya yi gumi a cikin safa. Na ce masa wallahi ɗinkin da na yanke kamar na keke yake.

Ya ce, "Jeri biyu?"

"Jeri biyu."

"A miƙe?"

"Kamar an ja da rula. Da ƙulli duk bayan faɗin yatsa. Na gani da idona, na yanke da hannuna."

Ya daɗe yana kallona. Sai ya fashe da dariya, hawaye na zuba, yana cewa alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Matarsa ba ta yi dariya ba. Ta ɗauke kofina ta shiga kicin, ban sake ganin haƙorinta ba har na bar gidan.

Kwana biyu na yi a wajensu. Ya kai ni bakin teku, ya nuna mini kejin kifi a cikin ruwa, ya hau da ni wani tudu inda duk wanda muka gamu da shi sai ya gaishe mu, su da ba sa gaisuwa a cikin gari. Ya karrama ni iyakar karramawa. Ranar da zan tafi ya kawo nasa saƙon a leda, baki a buɗe, ya zazzage a kan tebur ɗaya bayan ɗaya: man shafawa na ciwon gwiwa, rigar sanyi, da hoton jaririyar a cikin ambulan da ba a liƙe ba.

Ya ce, "Duba da kyau, malam. Kada ka sha wahalar neman zare."

Na ce na cancanci fiye da haka. Ya dafa kafaɗata ya ce ya wuce.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na je Ainu Shams. Wuta a ɗauke, Habboba tana bakin tagarta. Kafin ta taɓa ledar sai da ta bi da ni hanya tiryan-tiryan. Ka ga ƙanƙarar? Na gani. Ka yi amai a jirgin ruwa? Ban yi ba. Cocin fari ne? Fari ne. Kantin yana nan? Yana nan. Duk amsar da na bayar sai ta gyaɗa kai, kamar malamin da ɗalibinsa ya kawo hadda daidai.

Sannan ta rage murya ta ce, "Ya duba ɗinkin?"

Na ce, "Ya duba."

"Me ya ce?"

Na zaɓi abin da yake gaskiya a cikin labarin na ba ta. Na ce, "Ya yi hamdala. Ya ce idonki garau."

Ta saki wani dogon numfashi, ta jingina da bango. Ta ce, "To madalla, wahala ba ta tafi a banza ba. Sau biyar na warware shi, ya waladi. Kwana uku a bakin tagar nan, daga hantsi zuwa azahar, don lokacin kaɗai nake iya rabe ja da fari. Maƙwabciyata ke zura mini zare a allura. Sauran da yatsa na ƙirga. Na hagun ya tafi tun bara, na daman ma hazo ne. Kai ma da muryarka nake gane ka."

Na dubi idanunta a karon farko. Na zargi garin kuɓewa, na zargi kanwa, na zargi muryar mutum a waya, na zo ɗakin nan sau biyu na zauna a gabanta ban ga abin da take ɓoyewa ba.

Ta ce, "Kada ka gaya masa. In ya ji zai watsar da aikinsa ya taho, ga mata ga jaririya. Me zai yi mini in ya zo, ya ba ni nasa idon? Amana ce na ba ka, kai da ka kai ta farko lafiya."

Ban gaya mata abin da na yi wa ta farkon ba, har yau. Ta laluba cikin ledar ta ciro ambulan, ta zaro hoton, ta kai shi dab da fuska, ta karkata wajen taga. A juye ta riƙe shi, kan jaririyar a ƙasa. Ta ce in faɗa mata da wa yarinyar take kama. Na ce goshin nata ne. Ta yi murmushi ta shafa hoton.

A nan 'yar wayarta ta yi ƙara, Juma'a ce. Ta ɗauka suka gaisa, ta ce lafiya lau, lafiya lau, ga ma ɗan aikenka ya iso. Sai ta miƙo wayar wajen da take jin numfashina.

Ta ce, "Ungo, gaya wa yayanka yadda ka same ni."

Na karɓa. Ya tambayi hanya, na ce alhamdu lillahi. Sannan ya ce, "Malam, kai na yarda da kai, tunda ka faɗi gaskiya a kan kanka ranar da ba wanda ya tilasta ka. Ka dube ta da kyau. Yaya take?"

Na dube ta da kyau. Ta juyo da fuska wajena tana jira, hoton yana nan a juye a hannunta.

Na ce, "Lafiya lau, yaya. Ga ta nan tana kallon hoton jikarta."